Kofin Zakarun Afirka Na Ƙwallon Hannu: Darasin Da Na Ɗauko Daga Ɗakin Mai Gadi A Maitama

Gabatarwa

Idan ka ce wa Bahaushe ƙwallo, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ta ƙafa. In ka ƙara da cewa ta hannu kake nufi, sai ka ji wani ya kwatanta maka wadda ake jefawa cikin kwando, wani kuma wadda ake mari ta tsallake raga. Ni ma cikin wannan duhu nake har zuwa watan Oktoba na shekarar 2024, lokacin da na je hutu Abuja wurin kawuna, wanda yake tuƙin mota a wani gida a unguwar Maitama.

Kafin in bar gida an ɗora mini wani nauyi. Ina da ƙane ɗan shekara 16, dogo, bahago, wanda ya kamu da son ƙwallon hannu a makarantarsu ta sakandare, har malamin wasanni ya tako gida da kansa yana roƙon a bar shi ya shiga sansanin horo na jiha. Mahaifinmu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya faɗa shi ne, wasan da bai taɓa jin labarinsa a rediyo ba, bai ga ta yadda zai ciyar da mutum ba, amma tun da ni ne na je jami'a, in bincika in gaya masa gaskiya. Na amsa da "to", alhali ko yawan 'yan wasan da ke shiga fili ban sani ba.

Wannan muƙala sakamakon wancan bincike ne. Za ta gabatar wa mai karatu yadda wasan yake, da yadda ake gudanar da babbar gasar ƙungiyoyin maza ta nahiyar Afirka, da dalilin da ya sa kofin ya zama kamar gadon gidan ƙasashen arewacin Sahara. Akwai kuma wani ɓangare na matsalar da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban Sashen Hausa.

Duk wanda ya san Maitama ya san unguwa ce ta dogayen katangu da ofisoshin jakadanci da manyan ma'aikatu. Can ne ma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa take da hedikwata, a kan titin Aguiyi Ironsi. Da an yi isha sai unguwar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin janareta. Masu hira a bakin ƙofa su ne direbobi da masu gadi. A cikinsu akwai wani dattijo mai gadin gidan da ke jikin namu, dogon mutum mai faɗin kafaɗa, yatsunsa biyu na hannun dama a karkace. Wani dare na tarar da shi ya jingina waya da buta, yana kallo yana magana shi kaɗai. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wace ƙwallo ce wannan?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, kai ne aka ce kana jami'a? Zauna." Ashe ya yi wa ƙungiyar jiharsu wasa a shekarun 1980, kuma abin da yake kallo ta intanet gasar zakarun Afirka ce da ake yi a lokacin a birnin Laayoune. Dare bakwai na yi ina zama a kan bencinsa.

Yadda Wasan Yake

Da tsinke Baba ya zana mini filin a ƙasa. Tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 20. A kowane ƙarshe akwai raga mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2. Kowace ƙungiya tana sa mutum 7 a fili, wato 6 da mai tsaron gida. Manya suna yin minti 30 su huta, su dawo su ƙara minti 30. Alƙalan wasa biyu ne, kuma ikonsu ɗaya.

Abin da ya raba wannan wasa da sauran shi ne wani layi mai siffar rabin da'ira da aka ja a gaban kowace raga, nisan mita 6. Cikin wannan layi ba mai taka ƙafa sai gola, ko abokin wasansa ne kuwa. Amma dokar ƙasa ta hana, ba ta hana sama ba. Ɗan wasa yana iya tashi daga bayan layin, ya yi shawagi a saman wurin, ya saki ƙwallo kafin ƙafarsa ta dira. Wannan ne ya sa duk hoton ƙwallon hannu da ka gani za ka tarar da mutum a iska. Bayan wannan layi akwai wani mai tsinke-tsinke a nisan mita 9, inda ake ɗaukar jifan tara idan an yi ƙaramin laifi kusa da raga. Idan kuwa aka hana mutum cin da ya riga ya tabbata ta hanyar keta, sai a ba shi jifa daga mita 7, daga shi sai gola.

Ba a riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 3 a tsaye, ba a yin taku fiye da 3 da ita a hannu sai an buga ta da ƙasa ko an miƙa. Ɗan fili ba ya taɓa ta da abin da ke ƙasa da gwiwa. Ƙwallon maza kewayenta santimita 58 zuwa 60 ne, nauyinta giram 425 zuwa 475, don haka hannu ɗaya ke riƙe ta, kuma manyan 'yan wasa suna shafa wani danƙo a yatsu domin kada ta suɓuce. Wasa ne na gogayyar jiki. An yarda ka tare mutum da ƙirji fuska da fuska, amma ba a yarda ka ja shi ta baya, ko ka ture shi yana sama, ko ka kai masa hannu a wuya ba. Wanda ya wuce gona da iri sai a fitar da shi na minti 2, ƙungiyarsa ta ci gaba da gurbi a buɗe. In aka yi masa haka sau 3, ya gama wasan ranar ke nan.

Akwai dokoki biyu da suka fi burge ni, domin su ne ke hana wasan yin sanyi. Ta farko, canjin 'yan wasa ba shi da iyaka kuma ba a tsayar da agogo dominsa; wannan ya fita, wancan ya shiga, muddin ta wurin da aka keɓe a gaban benci ne. Ta biyu, ba a yarda ƙungiya ta yi ta zagaya ƙwallo tana cin lokaci ba. Da alƙali ya lura ba ku da niyyar kai hari sai ya ɗaga hannu, kuma bisa gyaran da aka yi wa dokar a 2022, miƙawa 4 kacal ta rage muku, in ba ku jefa ba a karɓe ta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tashi wasa kowane ɓangare ya zura 25 ko 30. Mai kallon ƙwallon ƙafa da ya saba jiran minti 90 a kan ci ɗaya, idan ya juya ya amsa sallama a nan, sai ya tarar an ci biyu.

Asalin wasan na zamani daga arewacin Turai ne, musamman Denmak da Jamus, a farkon ƙarni na 20. Da can a filin ciyawa ake yin sa da mutum 11, kuma a haka ya shiga wasannin Olamfik na Balin a 1936. Irin na cikin zaure da ake yi yanzu ya shiga Olamfik ne a 1972 ga maza, a 1976 ga mata. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1946. Ta Afirka kuwa, abin da mutane da yawa ba su sani ba, a ƙasar nan aka haife ta, a Legas, cikin watan Janairu na 1973, lokacin wasannin ƙasashen Afirka karo na 2. Hedikwatarta tana Abidjan.

Gasar Zakaru

An fara gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a shekarar 1979. Wanda ya saba da ta ƙwallon ƙafa zai zaci gida da waje ake yi tsawon watanni. Ba haka ba ne. Gari ɗaya ake zaɓa, duk ƙungiyoyin su hallara a can, maza da mata, a yi kimanin kwana 10 a gama, galibi cikin watan Oktoba. Akan raba su rukuni-rukuni, nasara maki 2, kunnen doki maki 1. Daga nan sai zagayen sili ɗaya ƙwale har zuwa wasan ƙarshe, waɗanda aka fitar kuma su ci gaba da karawa a tsakaninsu domin kowa ya san matsayinsa. Ke nan ƙungiya tana iya yin wasa yau ta yi gobe, in ta yi sa'a ta huta jibi. Wanda benci nasa ba shi da zurfi, tun kafin a kai rabi gwiwoyi sun fara ba shi amsa.

Ba ita kaɗai ce gasar nahiyar ba. Tun 1985 akwai ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu. Akwai kuma babban kofi mai sunan Babacar Fall, ɗan Senegal da ya daɗe yana shugabancin hukumar Afirka, inda zakarun gasannin biyu ke haɗuwa, kuma ta nan ne ake samun wakilin Afirka a gasar ƙungiyoyi ta duniya.

Idan aka dubi jerin waɗanda suka ɗauki kofin maza, sai a ga kamar rajistar ajin da ɗalibansa ba su wuce biyar ba. Zamalek ta Masar ce ta ci na farko a 1979, ta ƙara da biyun da suka biyo baya, kuma zuwa 2021 ta ɗauka sau 12. Mouloudia ta Aljeriya, wadda ta daɗe tana ƙarƙashin kulawar kamfanin man ƙasar, ta ɗauka sau 11, mafi yawansu tsakanin 1997 da 2009. Sai Al Ahly ta Masar, sai ƙungiyoyin Tunisiya irin su Espérance da Club Africain da Étoile du Sahel. Daga kudancin Sahara, Primeiro de Agosto ta Angola ta fasa wannan katanga a 2007, amma irin wannan bai cika faruwa ba. A 2023 a Brazzaville ƙungiyar JSK ta Kinshasa ta kai wasan ƙarshe, Al Ahly ta doke ta. A 2024, wasan da muka kalla a wayar Baba, Flowers ta Jamhuriyar Benin ce ta kai ƙarshe, ita ma Al Ahly ta doke ta. Baba bai ji zafin rashin nasarar ba kamar yadda ya ji zafin cewa maƙwabtanmu na Kwatano ne suka je wurin, ba mu ba.

Kaduna, 2011

A dare na uku ne ya tambaye ni ko na san an taɓa kawo wannan gasa arewacin Nijeriya. Na ce ban sani ba. Ya ce to an yi, a Kaduna, cikin watan Oktoba na 2011, karo na 33 ke nan, zamanin Gwamna Patrick Yakowa. Zamalek ce ta ɗauki kofin maza, Petro Atlético ta Angola ta ɗauki na mata.

Yana da kyau mai karatu ya tuna wace irin shekara ce 2011. Ita Kaduna watanni kaɗan ke nan da fita daga rikicin bayan zaɓe na watan Afrilu. Su kuma Misirawa a farkon shekarar ne juyin juya hali ya kawar da gwamnatin Hosni Mubarak, ƙasarsu ba ta gama natsuwa ba. Duk da haka Zamalek, wadda a wannan shekara ce ta cika shekara 100 da kafuwa, ta taso daga Alƙahira ta zo har gidanmu ta ɗauke kofi, shekara 9 bayan wanda ta ci a 2002. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa ƙarfinsu bai dogara ga wanda ke kan mulki a wannan shekara ko waccan ba.

Baba ya ce shi da kansa ya nemi izini a wurin aiki, ya shiga mota daga Abuja ya je ya kalla. Na tambaye shi abin da ya gani. Na zaci zai ce tsawo ko ƙarfi, sai ya ce a'a, mu ma muna da dogaye, muna da masu gudu da suka fi su. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne natsuwa. Mutum zai miƙa ƙwallo gefe ba tare da ya duba ba, domin ya san abokinsa yana wurin. Da sun rasa ƙwallo, ɗaya ya ruga benci, wani ƙato da aikinsa tsaro ne kawai ya shigo, kafin ka ƙifta ido katanga ta tsaya. Ya ce irin wannan ba a koyon sa a sansanin mako biyu.

Amma abin da ya fi ci masa rai a kan hanyar dawowa ya faru. A cikin motar hayar da ya shigo daga Kaduna, ya ɗauko hirar gasar, sai ya tarar ba mutum ɗaya da ya san ana yin ta. Wani ma ya tambaye shi ko 'yan Masar ɗin wasan sada zumunci suka zo yi da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Ya ce daga nan ya ja bakinsa har Zuba.

Ina Gizo Yake Saƙar?

A fahimtata, kuskure ne a auna gasar da kwana 10 da ake gani. Kwanakin nan girbi ne kawai, noman an yi shi tun da daɗewa. Al Ahly, wadda aka kafa a 1907, da Zamalek ta 1911, ba ƙungiyoyin wasa ɗaya ba ne. Manyan kulob ne masu mambobi da zauruka da sassan yara, inda yaro zai shiga tun yana firamare ya taka mataki-mataki har babbar ƙungiya. Gasar cikin gida ta Masar tana ɗaukar mafi yawan watannin shekara. Ɗan wasa yana da albashi, yana da likita, kuma ya san ranar wasansa na gaba. Sakamakon ya fito fili: Masar ta zo ta 4 a gasar duniya ta 2001, ta sake zuwa ta 4 a Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021, ta ci kofin duniya na matasa a 1993 da na 'yan ƙasa da shekara 19 a 2019. Tunisiya ma ta zo ta 4 a gasar duniya da ta karɓi baƙunci a 2005. Sannan a 2024 Al Ahly ta doke Barcelona a wasan neman na 3 a gasar ƙungiyoyi ta duniya. Shugaban hukumar wasan ta duniya tun daga 2000, Hassan Moustafa, shi ma Bamisire ne.

A namu ɓangaren, yawancin ƙungiyoyi mallakar gwamnatocin jihohi ne ko hukumomin masu kaki. Akwai Niger United ta Minna da Kano Pillars, waɗanda dukansu sun taɓa cin kofin ƙasa, akwai Rima Strikers ta Sakkwato, da Safety Shooters ta hukumar kiyaye haɗurra, da sauransu. Bayan Samuel Ocheho ya zama shugaban hukumar wasan ta ƙasa a 2017, an farfaɗo da gasar firimiya a 2018 da tallafin kamfanin Prudent Energy, abin da ya cancanci yabo, domin ya dawo da wasan cikin lissafi. A tsarin da aka fara da shi, ƙungiyoyin maza 12 ne ke taruwa a gari ɗaya su yi zango na farko, sau da yawa a zauren babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003, aka kuma raɗa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Bayan wasu watanni sai a sake taruwa a Legas a yi zango na biyu. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: wasa 11 a kowane zango, 22 ke nan a shekara, a dunƙule cikin abin da bai fi wata ɗaya ba. Sauran watannin ɗan wasa yana jiran kira. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a ranar muke neman wuƙar.

Sai batun kuɗin tafiya. Tun da a gari ɗaya ake gasar, ƙungiyar da ta cancanta sai ta nemi kuɗin jirgi da masauki na mutum kusan 20 a lokaci guda. Baba ya ba ni labarin wata shekara da suka yi wata guda a sansani, aka ɗinka musu riguna, aka karɓi fasfo ɗinsu, ana gobe tafiya aka ce takardar kuɗin ba ta fito daga ofis ba. Kowa ya ɗauki jakarsa ya koma gida. Ya ce biyu daga cikin gwanayensu daga ranar ba su sake taɓa ƙwallo ba. Akwai kuma batun daɓe. Yaron da ya tashi yana wasa a kan siminti a tsakiyar rana ba zai koyi faɗawa da ƙirji daga gefe ba, domin jikinsa ya san abin da ke jiran sa a ƙasa. Yatsun Baba guda biyu simintin ne ya karkata su.

Kada a ɗauka ba mu taɓa taɓuka komai ba. Matan Nijeriya sun ci kofin Afirka a 1991, suka je Olamfik na Basalona a 1992. Mazan sun halarci gasar duniya ta 1999 a Masar. Kuma yawan jama'a ba shi ne sharaɗi ba, domin tsibiran Kef Bade, da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, sun kai wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka a 2022.

Rabonmu Na Laifi

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Na lura duk bayanin da Baba yake yi mini, da ya zo kan wata dabara ko matsayin ɗan wasa sai Hausarsa ta tsaya, ya ari Turanci, ya ci gaba. Ba laifinsa ba ne, a haka aka koya masa. Ƙwallon ƙafa ta shiga jinin Bahaushe ne ba don kyawunta kawai ba. 'Yan rediyo sun yi mata sutura: bugun kusurwa, bugun daga kai sai mai tsaron gida, satar gida, ɗan wasan tsakiya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga fili ba tana jin waɗannan ta gane. Ƙwallon hannu kuwa ko sunanta ba ta mallaka ita kaɗai ba, tana raba shi da ta kwando da ta raga a bakin mutane. Wasan da ba a iya ba da labarinsa ba ya samun 'yan kallo, inda ba 'yan kallo ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi, sai a koma jiran takarda daga ofis. Maganar mahaifinmu a kan rediyo, da na ɗauka ta tsofaffi ce, ashe ita ce tsakiyar lamarin.

Saboda haka ni da Baba muka zauna muna gwada kalmomi, ni ina kawowa, shi yana tacewa. Wurin nan na mita 6 na ce a kira shi da'irar gola, daga baya muka tsaya a kan hurumin gola, domin hurumi wuri ne da aka keɓe, ba a shiga sai mai shi. Da ka faɗi kalmar ka riga ka koyar da dokar. Tun da da hannu ake yi, bugu bai dace ba, sai jifa: jifan tara, jifan mita 7, jifan gefe. 'Yan wasa biyu da ke can ƙuryar fili 'yan gefe ne. Ukun da ke jifa daga nesa muka kira su maharba, na tsakiyarsu kuma, wanda ke raba ƙwallo yana kiran dabara, madugu. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne ƙaton nan da ke shiga tsakiyar masu tsaron abokan gaba ya juya wa raga baya, yana tokare su domin ya buɗa wa 'yan uwansa hanya. Na ce ɗan kutse, Baba ya ce wannan sunan ɓarawo ne. Can sai shi da kansa ya ce turke, domin a kafe yake, kuma a kewayensa ake juyawa. Ban ga wadda ta fi ta ba.

Fitar minti 2 muka bar ta horon minti biyu. Zagaya ƙwallo ba niyyar hari, jan ƙafa. Gudun da ake yi da zarar an ƙwace ƙwallo kafin abokan karawa su koma gida, farmaki. Jeruwar masu tsaro su 6 a bakin hurumi katanga ce, in an tura ɗaya gaba ya dami madugu sai a ce katanga mai ɗan leƙe. Akwai wata dabara da ake jefa ƙwallo sama cikin hurumi, wani ya tashi ya cafe ta a iska ya zura kafin ya dira, wadda ake kira da sunan Bernhard Kempa, wani ɗan wasan Jamus. Na ce mu kira ta cafkar shaho. Baba ya yi dariya ya ce shaho ɗauka yake ya tafi da ita, ba ya jefarwa. Har na baro Maitama ba mu daidaita a kanta ba, don haka na bar wa 'yan ajin Fassara da Ƙirƙirar Kalmomi.

Ba ina cewa waɗannan su ne daidai ba. Kalma ba ta zama kalma sai bakin jama'a ya karɓe ta. Amma a sashenmu ana rubuta kundin digiri a kan dambe da kokawa da langa da sharo, kuma ya dace. Ban ga abin da zai hana wani ya ɗauki rikoda ya je filin horo a Kano ko Sakkwato ko Minna ya tattaro kalmomin da yaran ke amfani da su a tsakaninsu ba, domin tabbas suna da nasu da suka fi nawa daɗi.

Da na koma kan batun ƙanena, Baba ya fara tambaya ko da gaske bahago ne. Na ce ƙwarai. Ya ce to wannan dukiya ce, domin mai jifa daga ɓangaren dama na fili, in da hagu yake jifa, raga a buɗe take gare shi, kuma bahagwai ba su da yawa, ko'ina neman su ake yi. Ya kawo misalin Faruk Yusuf, bahagon ɗan Nijeriya da ƙungiyar Kielce ta Folan ta ɗauka, ya kuma yi wa Granollers ta Sifen wasa. Amma ya ɗaga yatsansa karkatacce ya ce in gaya wa mahaifinmu duka biyun: ƙofar tana nan, sai dai ƙarama ce, kuma shi da ya yi shekaru yana wasa ga inda yake zaune. Kada yaron ya ajiye littafi.

Haka na faɗa wa mahaifinmu, ban rage ba ban ƙara ba. Na zana masa filin a tsakar gida, na nuna masa hurumi da turke da wurin da ɗansa zai tsaya. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya tambaya ko su Misirawan da suka zo Kaduna sun bar wani abu da suka tafi. Na ce kofin ma da shi suka tafi. Ya ce yaron ya je sansanin, amma ranar da sakamakon jarrabawarsa ya faɗi, ranar zai dawo da takalman.